Zama ba mai mulki: me masu addini suka gani a cikin anakizim?

"Malam, na ci karo da wani bayani da ke cewa anakizim hanya ce ta tarbiyyar zuciya, wai tana koya wa mutum ɗaukar nauyin kansa da riƙon jama'a. Ni kuwa iya sanina, anakizim zaman kara-zube ne, kowa ya yi abin da ya ga dama, a fasa shaguna a ƙona motoci. Ta yaya ƙin hukuma zai zama ibada? Kuma an taɓa gwada irin wannan zama ya ɗore, ko duk zancen cikin littafi ne?"

Ɗan'uwa, tambayarka hawa biyu ce. Na farko, wace hujja ce ta kai mai tsoron Allah ga cewa ba ya bukatar sarki, soja ko alƙali. Na biyu, da suka sauko daga kan hujja suka zauna gida ɗaya suna cin tukunya ɗaya, me ya faru. Hawa na biyun ya fi daɗin bayani, domin an gwada sau da yawa, kuma an san daidai wuraren da tukunyar take tsagewa.

Kalmar daga Girkanci ta fito, ma'anarta "babu mai mulki". Bafaranshen nan Pierre-Joseph Proudhon shi ne na farko da ya kira kansa da ita da bakinsa, a 1840. Abin da ka sani game da su ba ƙage ba ne. Wani reshe nasu ya ɗauki kisa a matsayin wa'azi: su suka kashe shugaban Faransa Sadi Carnot a 1894, da sarkin Italiya Umberto a 1900, da shugaban Amurka McKinley a 1901. Mafi yawansu kuma ba su yarda da addini ba sam; a Sifen a 1936 sun ƙona majami'u. Waɗanda kake tambaya a kansu 'yan tsiraru ne, kuma sauran 'yan aƙidar kan yi musu kallon waɗanda suka ɓata hanya.

Hujjar Tolstoy

Tushen wannan reshe yana komawa ga marubucin Rasha Leo Tolstoy, ɗan sarauta, mai gonaki, tsohon hafsan soja. A 1857 a birnin Paris ya tsaya ya ga an fille wa mutum kai a bainar jama'a bisa hukuncin kotu, abin bai bar zuciyarsa ba har ya mutu. Tambayar da ta dame shi ita ce: wa ya kashe wannan mutum? Hauni zai ce umarnin alƙali ya bi. Alƙali zai ce doka ya karanta. Masu yin doka za su ce ba su taɓa ganin mutumin ba. Ɗan sandan da ya kamo shi zai ce aikinsa ya yi, mai biyan haraji kuma zai ce shi kuɗi kawai ya bayar. An fitar da rai, kowa ya koma gida ya ci abinci hankalinsa kwance. A wajen Tolstoy, hukuma na'ura ce ta yanyanka zunubi ƙanana-ƙanana, ta yadda kowa zai ɗauki gutsuren da bai kai ya hana shi barci ba.

Maganin da ya kawo daga Linjila ya ɗauko shi, daga Huɗubar Kan Dutse ta Annabi Isa a babi na 5 na Matiyu, inda aka ce kada a yi rantsuwa kuma kada a rama mugunta da mugunta. Ya ɗauki maganar a zahirinta. Kada ka yi rantsuwar biyayya ga kowa, domin wanda ya yi ta ya jinginar da zuciyarsa tun kafin ya san me za a umarce shi. Kada ka shiga soja, kada ka zauna kujerar alƙali, kada ka kai ƙara, kada ka ci gumin wani. Lura cewa duk cikin waɗannan babu wanda ya ce a je a kifar da gwamnati. Kowanne umarni ne ga mutum a kan kansa, shi ya sa ake kiran abin tarbiyya. Littafin da ya tattara wannan hujja an hana buga shi a Rasha, sai a Jamus ya fito a 1894, kuma majami'ar Rasha ta kore shi daga cikinta a 1901. Gandhi ya karanta shi yana matashin lauya a Afirka ta Kudu, har ya sa wa gonar da ya kafa kusa da Johannesburg a 1910 sunan Tolstoy.

Wani Bayahuden Jamus, Gustav Landauer, ya ƙara wa maganar armashi. Ya ce hukuma ba gini ba ce da za a rushe da guduma, dangantaka ce tsakanin mutane, kuma tana raguwa ne gwargwadon yadda mutane suka koma yi wa juna abin da suke jira ta yi musu. Sojoji suka kashe shi da duka da harbi a Munich a 1919.

To ga inda nauyin kai ya shigo. Wanda ya ce ba ya son ɗan sanda, sasanta rigimar maƙwabta ta hau kansa. Wanda ya ce ba ya son ma'aikatar jin ƙai, mai tabin hankalin da ke kwana a bakin titi ya zama nasa. Wanda ya ƙi hukuma ya kuma ƙi wannan kaya, ci-ma-zaune ne kawai da ya samu kalma mai daɗin faɗa.

Gidan baƙi na New York

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da suka fi daɗewa shi ne ƙungiyar Catholic Worker a Amurka. Mutum biyu suka kafa ta: Dorothy Day, 'yar jarida da ta shiga ɗarikar Katolika a 1927, da Peter Maurin, ɗan manoman Faransa. Ranar 1 ga Mayu 1933, ana tsakiyar karayar tattalin arziki, suka fito da jarida kwafi 2,500, ana sayar da kowanne santi ɗaya. Har yau farashin ke nan. Maurin ya zo da tsari mai ƙafa uku: zaman tattaunawa don wayar da kai, gidajen saukar baƙi a birni, da gonakin haɗin gwiwa a karkara.

Gidan baƙin ne ya yi ƙarko, don haka ya kamata a duba yadda yake aiki. Masu hidima ba su da albashi. Ɗaki da abinci suke samu, tufafinsu daga tarin gwanjon da aka kawo sadaka suke zaɓa, kuma a gidan suke kwana tare da waɗanda suke yi wa hidima. Da sassafe a ɗora tukunyar miya da kofi, a yanka burodi, a buɗe ƙofa. Ba a cike takarda, ba a tambayar katin shaida, ba a sa mutum ya saurari wa'azi kafin a zuba masa. Ana kiransa baƙo. Daren Juma'a kuma a zauna tattaunawa, farfesa da wanda ya kwana a titi a kujeru iri ɗaya. Babu hedikwatar da ke ba da izini ko ta ƙwace shi. Duk wanda ya ga zai iya, ya kama haya ya buɗe gida, nauyinsa a wuyansa. Akwai irin waɗannan gidaje sama da 150 a yau, yawancinsu a Amurka.

Wajen kuɗi ne aƙidar ta fi fitowa fili. Gidan New York bai karɓi tallafin gwamnati ba, kuma ya ƙi yin rajistar da za ta sa a rage wa masu ba shi gudummawa haraji. Dalilinsu shi ne kyautar da gwamnati za ta mayar maka da rabinta ba ta taɓa jikinka ba. A 1960 hukumar birnin ta biya su diyyar wani gidansu da ta karɓe, ta haɗa da kuɗin ruwa na jinkirin biya, dala 3,579 da santi 39. Dorothy Day ta mayar da cekin kuɗin ruwan, ta rubuta cewa ba su yarda da cin riba a kan bashi ba.  A 1972 hukumar haraji ta nemi kusan dala 300,000 a wajensu, suka ce ba za su biya ba kuma ba za su yi rajista ba. Da jaridu suka yi ca, hukumar ta janye.

Sun kuma biya farashi a wajen mutanensu. Jaridar ta kai kwafi 190,000 kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Da Day ta dage cewa ba za su goyi bayan yaƙi ba ko da da Hitler ne, ta faɗo zuwa kimanin 50,000, gidaje da dama suka rufe. Wani daga cikinsu, Ammon Hennacy, ya shafe shekaru yana ƙodago a gonakin Arizona, ana biyansa a hannu kullum, don kada a cire harajin yaƙi daga albashinsa. Shi yake kiran abin juyin juya hali na mutum ɗaya.

Inda tukunyar take tsagewa

Gonakin Catholic Worker ba su yi abin kirki ba. Ta farko mai girma, a Easton ta jihar Pennsylvania, an saye ta a 1936, kuma tun da wuri ta rabu gida biyu, masu aiki da masu karatu. Masu aiki suna cewa su ke nome su ke girbi, wasu suna gindin bishiya suna muhawara. Masu karatu suna cewa ba don cika ciki aka zo ba. Matsalar a fili take: noma ba ya jiran a gama shawara. Idan shanu suna bukatar tatsa da asuba kuma ƙa'ida ta ce ba mai umartar wani, to mutum biyu ko uku masu kunya ne za su riƙa tashi, har ranar da za su gaji su tattara kayansu.

A Ingila almajiran Tolstoy sun kafa Whiteway a 1898, suka sayi fili kimanin eka 40, suka ƙona takardun mallakarsa don kada wani ya ce nasa ne. Ƙofa a buɗe, rumbu a buɗe. Nan da nan 'yan cin banza suka ji labari. Cikin 'yan shekaru aka daina cin tukunya ɗaya, aka yanka wa kowa gonarsa ya noma da kansa, amma filin ya ci gaba da zama na jama'a, taron mazauna ke ba da shi. Wannan gyara ne ya cece su. A 1955 wata kotun filaye ta tabbatar da mallakar ta jama'a ce, ƙauyen kuma yana nan har gobe. Abin dariya, kotu ce ta kare waɗanda suka ce ba su san kotu ba.

Tsagewa ta uku ta fi haɗari, ita ce sarkin ɓoye. 'Yan Dukhobor manoma ne na daular Rasha da suka ce Allah yana cikin kowane mutum, don haka ba a harbin mutum kuma ba a rusuna wa sarki. A watan Yuni 1895 suka tara bindigoginsu da takubba suka cinna musu wuta. Aka yi musu bulala, aka watsa su cikin duwatsu, da yawa suka mutu. Tolstoy ya ba da kuɗin wani littafinsa, 'yan Kwaka, wata ɗarikar Kirista mai ƙin yaƙi, suka taimaka, kimanin mutum 7,500 suka yi hijira zuwa Kanada a 1899. Amma mutanen da suka ƙi sarkin Rasha sun miƙa wuya ga shugabansu Peter Verigin fiye da yadda talaka yake miƙa wa sarki, maganarsa yankan wuƙa ce, kuma shugabancin ya zama na gado. A 1907 gwamnatin Kanada ta karɓe yawancin filayensu saboda sun ƙi rantsuwar biyayya da rajistar fili da sunan mutum ɗaya-ɗaya. Wani ɓangare nasu daga baya ya koma ƙona makarantu. Ita kanta Dorothy Day, na kusa da ita sukan yi mata ba'a cewa ta yarda da anakizim muddin ita ce mai yanke magana. Idan an soke kujera, iko ba ya ɓacewa. Yana komawa hannun mai baki, ko mai riƙe da makullin sito, ko wanda ya fi kowa daɗewa, kuma wannan ya fi wuyar tsigewa domin a takarda ba shi da muƙamin da za a tsige shi daga kai.

Ta huɗu ita ce wadda ba a warware ba: mutumin da ya shigo a buge da wuƙa a hannu. Gidajen baƙi suna da dabaru. Mutum biyu a ƙofa, a yi masa magana da sunansa cikin sanyin murya, a janye sauran baƙi, a hana shi shiga na mako ɗaya ko wata ɗaya. Yawanci hakan na isa. Amma akwai ranar da ba ta isa, kuma gidaje da yawa a irin wannan rana suna kiran 'yan sanda, ransu bai so ba. A nan nake ganin masu sukar aƙidar sun fi gaskiya. Duk waɗannan gwaje-gwaje sun rayu ne a cikin inuwar wata hukuma da ke riƙe da hanyoyi, asibitoci da iyakoki. Inda hukumar ta ƙuduri murƙushe su, ta yi. Gonar 'yan Tolstoy da aka kafa kusa da Mosko a 1921 an tilasta mata ƙaura zuwa Saiberiya a 1931, aka kama manyanta a zamanin Stalin, aka mayar da ita gonar gwamnati.

Kana iya tambaya ko imanin yana da wani tasiri, ko ado ne. Masanin halayyar al'umma Richard Sosis ya bi tarihin ƙauyukan haɗin gwiwa 200 da aka kafa a Amurka a ƙarni na 19. Bayan shekara 20 da kafuwa, kashi 39 cikin ɗari na masu addini suna nan, na marasa addini kuwa kashi 6 kacal. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya yarda ana ganinsa ko a cikin duhu yana wanke tukunya ko ba mai dubawa, kuma azumi, addu'ar safe da hane-hane masu nauyi suna tace 'yan cin banza tun daga bakin ƙofa.

Yadda ake yanke shawara ba tare da shugaba ba

Wannan sana'a ce, koyonta ake yi, kuma mafi yawan 'yan anakizim na yau daga 'yan Kwaka suka are ta, waɗanda suka fara a Ingila tun ƙarni na 17. Ba a kaɗa ƙuri'a, domin ƙuri'a tana barin kashi 49 da ciwo a rai. Ana naɗa magatakarda, aikinsa saurare da rubutu, ba ya jan ra'ayi. Ana buɗe zama da shiru na 'yan mintoci. A gabatar da magana ɗaya, kowa ya yi magana sau ɗaya, a bar ɗan shiru tsakanin mai magana da mai bi masa don kada abin ya koma musayar yawu. Idan magatakarda ya ji inda zukata suka karkata, sai ya rubuta matsaya a jimla biyu ko uku, ya karanta a take, a gyara kalmomin a wurin har kowa ya ce haka ne. Wanda bai gamsu ba yana da zaɓi biyu: ya ja gefe, a rubuta cewa bai yarda ba amma bai hana ba, ko ya tsaya a hanya, wato ya hana. Idan ba a samu haɗin kai ba, ana ɗage maganar, tsohon tsari ya ci gaba.

Abin da ke lalata shi sananne ne. Mutum ɗaya mai taurin kai zai iya riƙe jama'a wata da watanni, shi ya sa ƙungiyoyi masu hankali suke taƙaita hani ga abin da ya saɓa tushen tafiyar, ba ga son rai ba. Akwai kuma cin nasara da gajiyarwa, inda masu yara da masu aikin safe suke tafiya gida, 'yan zaman kashe wando su yanke magana da tsakar dare; maganinsa a sa wa zama lokacin tashi kuma a tsaya a kai. Sai yawa. Tsarin yana tafiya sumul tsakanin mutum goma zuwa talatin da suka san juna, yana nauyi idan an haura haka. 'Yan Hutter na Kanada da Amurka, wata ɗarikar Kirista mai zaman dukiya ɗaya da aka kafa kusan shekara 500 da suka wuce, sukan raba ƙauye biyu idan ya doshi mutum 150, duk da cewa su suna da shugabanni.

Ina Musulmi ya tsaya?

Ba zan ɓoye maka ba, a matsayin aƙidar siyasa anakizim ta ci karo da abin da jumhurin malamai suka tafi a kai, cewa naɗa shugaba wajibi ne. Aya ta 59 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da ɗa'a ga majiɓinta al'amari, kuma hadisi ya ce ko mutum uku ne suka fita tafiya su shugabantar da ɗaya. An samu waɗanda suka saɓa: Abubakar al-Asamm na Basra cikin Mu'utazilawa, da Najdat cikin Hawarijawa, sun ce idan mutane suka yi wa juna adalci ba dole sai da imami ba. Malamai sun ambaci ra'ayin ne don su mayar masa da martani.

Sai dai rabin maganar Tolstoy ba baƙo ba ne a wajenmu. Babu ɗa'a ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci, kuma "umarni aka ba ni" ba ta wanke mutum ranar hisabi. Imam Abu Hanifa ya ƙi kujerar alƙalanci har aka ɗaure shi. Shehu Usmanu ya ƙi karɓar kyautar Sarkin Gobir Bawa a Magami, ya nemi a saki fursunoni a sassauta wa talakawa haraji. Amma Shehu daula ya kafa daga baya, don haka kada wani ya ja masa rigar da ba tasa ba. Nisantar ƙofar sarki daban, cewa kada a yi sarki daban. Haka ma gayya da adashe: aikin jama'a ne da ba hukuma a ciki, amma ko adashe yana da uwar adashe, kuma kowa ya san ranar da za a tambaye ta lissafi.

Idan wata ƙungiya ta zo maka da wannan take, kada ka tsaya kan jawabinta. Je ka kwana biyu a cikinsu. Duba wa yake wanke banɗaki, kuma ko sunan wanda ya kafa tafiyar yana cikin jerin masu wankewa. Tambayi wa ke riƙe da kuɗi, mutum nawa ke sa hannu kafin a fitar, kuma ko sabon shiga zai iya buɗe littafin lissafi ya karanta. Tambayi da sunan wa aka rubuta gida ko fili, da abin da zai faru da shi idan mutumin ya mutu ko ya yi fushi. Sannan ka nemi wanda ya bar su, ka ji yadda aka rabu da shi, da ko an ba shi kuɗin mota.